Ƙwallo ne ke riƙe da ɗan itace: darasin lici ga masu mangwaro a Suleja

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa cikin Maris, duk wanda ya ratsa unguwannin Suleja da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Jihar Neja zai ga gindin bishiyoyin mangwaro cike da ƙananan 'ya'ya da suka zube, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar ƙwan zabo. Yawancin mutane kan ɗora laifin a kan iskar hunturu ko jifan yara. Iska na da nata kason, amma idan aka sa wuƙa aka tsaga waɗannan 'ya'ya, sau da yawa za a tarar ƙwayar irin da ke ciki ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko kuma babu ita sam. Ɗan ya riga ya mutu daga ciki kafin iska ta kaɗo shi.

Wannan magana ce ta kuɗi. Mai lambun da ke jiran watan Afrilu ya cika kwanduna ya kai kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba, ko ya jera a bakin hanyar Kaduna ko ta Minna, yawan abin da zai tsinka da girmansa da zaƙinsa duk sun rataya ne a kan abin da ya faru da ƙwallon da mai saye zai tsotse ya jefar. Masana kimiyyar tsirrai sun daɗe da gano cewa iri ne ke tafiyar da girman ɗan itace, kuma ɗaya daga cikin itatuwan da aka fi bin diddigin wannan al'amari a jikinsu shi ne lici, ɗan itacen ƙasar Sin da ba a noma shi a Suleja. Abin da aka koya daga gare shi yana haska abin da ke faruwa a kan mangwaro.

Daga fure zuwa ɗa

Bishiya ba ta yin 'ya'ya don ciyar da mutum. Tana yin su ne don ta kare irinta, ta kuma samu mai ɗauke shi zuwa wani wuri. Saboda haka ba ta kashe abincinta a kan ɗan da babu iri mai rai a cikinsa.

Aikin yana farawa ne da barbara, lokacin da ƙwari ko iska suka kai garin fure daga sashen namiji zuwa kan sashen mace. Garin yana tsiro da siririn bututu ya gangara zuwa ƙwan da ke cikin mahaifar furen. Idan suka haɗu, sai a samu ɗan tayin iri da kuma guzurin da zai rayu a kansa. A farkon lamari wannan guzuri ruwa ne tsululu; ruwan da ake sha a cikin kwakwa irin wannan guzurin ne.

Daga wannan lokaci iri yana fitar da wasu sinadaran girma, waɗanda masana ke kira oksin da jibaralin da saitokainin. Aikinsu uku ne. Suna sa ƙwayoyin halittar bangon mahaifa su yawaita su kumbura, wanda shi ne girman ɗan. Suna janyo sukari da ruwa da ma'adinai daga ganye zuwa wajen ɗan. Sannan suna hana wata gaɓa da ke mariƙin ɗan ta saki. Da zarar iri ya mutu, oksin ya daina gangarowa ta mariƙin, sai wani sinadari mai suna etilin ya yi rinjaye, gaɓar ta raunana, ɗan ya faɗi.

Gwaje-gwaje biyu ne suka kafa wannan fahimta. A shekarar 1936 Felix Gustafson na Jami'ar Michigan a Amurka ya shafa oksin a furen tumatir da ba a yi masa barbara ba, ya kuma samu 'ya'ya marasa iri. A 1950 wani Bafaranshe, Jean-Paul Nitsch, ya yi aiki a kan sitiroberi, irin wanda ake nomawa yanzu a kewayen Jos, wanda ƙwayoyin irinsa ke manne a waje. Da ya tsince su duka, ɗan ya daina girma. Da ya bar kaɗan, sai tsoka ta kumbura a ƙarƙashinsu kawai. Da ya shafa oksin a madadinsu, sai girma ya ci gaba. Manomin kankana ya san wannan a aikace: idan ƙudan zuma bai ziyarci furen sosai ba, sai kankanar ta fito a karkace, domin ɓangaren da bai samu iri ba bai cika ba.

Mene ne lici

Lici, wanda sunansa na kimiyya shi ne Litchi chinensis, asalinsa kudancin ƙasar Sin ne, musamman lardunan Guangdong da Fujian. Tun a shekarar 1059 wani malami kuma jami'in gwamnati mai suna Cai Xiang ya rubuta littafi sukutum a kan ire-irensa. Ɗansa bai wuce girman goro ba, nauyinsa kimanin giram 20, ɓawonsa ja ne mai kaushi, tsokarsa fara ce mai ruwa da ƙamshi, da ƙwallo guda mai sheƙi a tsakiya. Bayan Sin, ana noma shi sosai a Indiya, musamman yankin Muzaffarpur na jihar Bihar, da Biyetnam da Tailan. A Afirka, Madagaska da Afirka ta Kudu ne kan gaba, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Toamasina ake loda shi zuwa Turai gab da bukukuwan ƙarshen shekara. Bishiyar tana bukatar sanyi mai ɗorewa kafin ta yi fure, abin da ya sa ba ta dace da zafin wurare irin Suleja ba.

Yana da ɗan uwa a Afirka ta Yamma: gwanja-kusa, wanda Yarabawa ke kira ishin, dangi ɗaya ne da shi. A dukansu biyu, abin da ake ci ba bangon ɗan ba ne kamar yadda yake a mangwaro. Wata tsoka ce ta daban da ke tsirowa daga cibiyar iri, wato inda irin ke manne da uwarsa. A lici tana hawowa har ta lulluɓe ƙwallon duka. Wannan kusanci tsakanin tsoka da iri shi ya sa lici ya zama wurin da ya fi sauƙin ganin tasirin ɗaya a kan ɗaya.

Matakai biyu na girma

Binciken da Farfesa Huang Huibai da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Aikin Gona ta Kudancin Sin da ke Guangzhou, tun daga shekarun 1980, ya nuna cewa ɗan lici yana girma ne a matakai biyu cikin kimanin wata uku. A matakin farko, wanda ke ɗaukar makonni bakwai zuwa takwas, ɓawo da fatar iri ne ke girma, cikin irin kuwa ruwa ne. A mataki na biyu ɗan tayi ya cika cikin irin ya yi tauri, sannan tsoka ta yi saurin kumbura tana tara ruwa da sukari har zuwa nuna.

Huang ya kwatanta ɓawo da tsoka da fatar tamaula da robar da ake hura wa iska a cikinta. Komai yawan iskar da aka hura, robar ba za ta wuce girman fatar ba. Ma'ana, girman da ɓawo ya samu a makonnin farko shi ne iyakar girman ɗan. Idan aka yi fari ko irin ya samu matsala a wannan lokaci, ɓawon zai tsaya ƙarami, kuma ruwan da aka ba bishiyar daga baya ba zai gyara ba. Sai dai ma tsoka ta matsa wa ɓawon ya tsage. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Irin da bai cika ba: riba da hasara

A wasu nau'o'in lici, ɗan tayi yana mutuwa bayan ɓawo ya riga ya yi girma. Sai ƙwallon ya tsaya siriri a yanƙwane, wanda Sinawa ke kira harshen kaza, tsoka kuma ta mamaye gurbin da ya bari. Nau'o'in Nuomici da Guiwei na Sin da Salathiel na Ostireliya sun yi suna da wannan, kuma sun fi tsada a kasuwa, domin mai saye yana samun tsoka mai yawa a kowane kilo. Nau'o'i irin su Huaizhi da Heiye kuwa ƙwallonsu cikakke ne.

Amma abin da mai saye ke so, shi ne ke ba manomi wahala. Ɗan da irinsa ya mutu ya rasa babbar mafitar sinadaran da ke riƙe shi a reshe. Binciken na Guangzhou ya nuna cewa lici na zubar da 'ya'ya ne zango-zango, kuma nau'o'i masu harshen kaza suna da ƙarin zangon zuba gab da girbi, lokacin da manomi ya riga ya gama kashe kuɗinsa. Amfaninsu ba ya tabbata daga shekara zuwa shekara. A cikin bishiya ɗaya ma, ɗan da ke da cikakken iri yakan fi mai yanƙwanannen iri nauyi.

Lokacin mutuwar irin shi ne ke raba gardama. Idan ya mutu da wuri, ɗan ya faɗi ko ya tsumbure. Idan ya mutu a makare, a samu ɗa mai tsoka da yawa amma mai saurin zubewa. Idan ya rayu, a samu babban ɗa mai babban ƙwallo wanda ya kama reshe da kyau. A Isra'ila, Raphael Stern da Shmuel Gazit sun nuna cewa fesa oksin na masana'anta a kan 'ya'yan nau'in Mauritius, lokacin da kowanne ya kai kimanin giram 2, yana rage zuba ya ƙara amfani. Wato an ara wa bishiyar abin da irin ya kamata ya ba ta.

Yadda abin yake a mangwaro

Mangwaro, Mangifera indica, shi ma baƙo ne daga kudancin Asiya, ko da yake ya zama ɗan gida. A yankin Suleja yana yin huda ne a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, 'ya'ya su ƙosa bayan wata uku zuwa biyar. Zangarniya guda tana ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani lokaci dubbai, amma mafi yawansu maza ne zalla waɗanda ba za su taɓa zama 'ya'ya ba. Ko a cikin waɗanda ke da sashen mace, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ke kaiwa girbi. Saboda haka zubar ƙananan 'ya'ya a makonnin farko ba cuta ba ce. Bishiya ce ke tace abin da za ta iya ɗauka, kuma waɗanda take fara saki su ne waɗanda ba su samu barbara ba ko ɗan tayinsu ya mutu.

Matsala tana zuwa ne idan mutuwar irin ta wuce kima. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne. Na farko, ƙarancin masu barbara: ƙudaje iri-iri da ƙudan zuma ne ke yi wa mangwaro wannan aiki, kuma feshin maganin ƙwari a tsakiyar huda yana kashe su, hayaƙin ƙunar daji kuma yana korar su. Na biyu, yanayi: sanyin da ya sauka ƙasa da kimanin digiri 15 a ma'aunin Salshiyos lokacin huda yana hana garin fure tsirowa da kyau, zafi mai tsanani da busasshiyar iska kuma suna busar da kan furen. Na uku, ƙishirwa: 'ya'yan mangwaro na girma ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa a shekara. Na huɗu, cututtuka da ƙwari, kamar farar fumfuna da ke rufe furanni da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan zangarniya.

Wani lokaci ɗan da irinsa ya mutu ba ya faɗuwa. Sai ya tsaya ƙarami, bai wuce ƙwan kaza ba, ya riga sauran nuna, a tarar ƙwallonsa fayau ba komai a ciki. An san nau'in Haden da wannan hali a Florida da Isra'ila. Yakan yi zaƙi, amma ba ya cika kwando. A nan mangwaro ya bambanta da lici: tsokarsa bangon ɗan ce, kuma ƙwallonsa yana da ƙoƙo mai tauri, don haka mutuwar iri ba ta ba tsoka wani gurbi da za ta cika. Hasara ce kawai.

Akwai kuma ƙwaron da ke zaune a cikin ƙwallon kansa, mai suna Sternochetus mangiferae, wanda ya bazu a sassan Afirka da dama. Macen tana saka ƙwai a jikin ɗanyen ɗa, tsutsar ta huda ta shiga ƙwallo tun yana da taushi, ramin ya warke ba a gani. Tana cinye irin daga ciki, tana iya jawo zuba, tana kuma lalata ƙwallon da aka so a shuka. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar mangwaron da aka same ta a ciki.

Har bayan ɗan ya girma, ƙwallo bai daina taɓa ingancinsa ba. A nau'in Alphonso na Indiya akan samu wani ɓangaren tsoka ya zama fari, mai tsami, kamar soso, alhali waje lafiya lau. Masana a cibiyar binciken kayan lambu da ke Bangalore sun danganta wannan da irin da ya fara shirin tsirowa tun ɗan yana kan bishiya, yana janye ruwa daga tsokar da ke kewaye da shi.

Uban iri ma yana da tasiri

Ba samun barbara kaɗai ba, har inda garin furen ya fito yana da muhimmanci. A Isra'ila an gano cewa 'ya'yan lici na nau'o'in Mauritius da Floridian da suka samu gari daga wani nau'in daban sun fi waɗanda suka yi wa kansu barbara nauyi, kuma bishiyar ta fi zubar da na biyun. A Indiya, nau'o'in mangwaro irin su Dashehari da Langra ba sa ɗaukar 'ya'ya sosai da garin kansu.

Dabino ya fi kowanne bayyana wannan. Bishiyar namiji daban take da ta mace, shi ya sa masu dabino ke hawa su ɗaura reshen furen namiji a cikin nonon mace. Idan ba a yi ba, sai a samu 'ya'ya marasa ƙwallo da ba sa nuna da kyau, waɗanda Larabawa ke kira shis. A 1928 Walter Swingle na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ya bayyana cewa namijin da aka zaɓa yana sauya girman dabinon da lokacin nunarsa, ba ƙwallon kaɗai ba. A Najeriya, reshen Cibiyar Binciken Kwakwar Manja da ke Dutse a Jihar Jigawa shi ke kula da binciken dabino.

Ƙwallo ma'aunin ƙosawa

Ƙoƙon ƙwallon mangwaro yana yin tauri ne yayin da ɗan ke kusantar cikar girmansa, kuma bayan nan ne tsoka ke tara mafi yawan sitacin da zai rikiɗe ya zama sukari. Launin rawaya ma daga jikin ƙwallo yake farawa ya bazu zuwa ɓawo. Don haka mai lambu na iya tsaga 'ya'ya biyu ko uku kafin ya sa a kaɗe bishiya. Idan wuƙa ta ratsa ƙwallon cikin sauƙi, tsokar kuma fara ce fat, to bai ƙosa ba. Irin wannan mangwaro ko an rufe shi ya yi laushi, ba zai yi zaƙi ba, domin babu sitacin da zai zama sukari. Shi ne kuma wanda wasu ke tilasta wa nuna da sinadarin kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya.

Ƙwallon shuka

Wanda ya sha mangwaro mai daɗi ya shuka ƙwallonsa yana sa ran barewa ba za ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. A mangwaro maganar ta danganta da nau'i. Ƙwallon mangwaron gida mai zare yakan ƙunshi 'yan tayi da yawa, ya fito da tsiro uku ko huɗu, kuma mafi yawansu daga jikin uwar kaɗai suka samu, don haka suna kama da ita sak. Nau'o'i irin su Julie da Kent da Keitt kuwa ɗan tayi ɗaya ne a ƙwallonsu, haɗin uwa da uban da ba a sani ba, kuma abin da zai haifa caca ce. Wannan ne dalilin aurar da mangwaro: a shuka ƙwallon na gida don ƙarfin saiwarsa, a ɗaura masa reshen nau'in da ake so. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa yakan kai 5 zuwa 8. Ƙwallon mangwaro ba ya jure ajiya kamar gero ko dawa. Idan ya bushe ya mutu, don haka a cikin 'yan makonni ake shuka shi. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975 kuma take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, tana cikin wuraren da ke aiki a kan ingantaccen dashe.

Abin da ke hannun mai lambu

Ba a iya hana hunturu busawa, amma akwai abin da ake iya yi. A guji feshin maganin ƙwari lokacin da furanni ke buɗe. Idan ya zama dole, a yi shi kafin huda ta buɗe ko bayan 'ya'ya sun kama. A share ciyawar gindin bishiya kafin lokacin ƙunar daji. A haɗa nau'i fiye da ɗaya a lambu, a kuma ajiye amya a kusa idan da hali. Game da ban ruwa, bishiya na son ɗan ƙishi kafin huda, amma daga lokacin da 'ya'ya suka kai ƙwayar wake har makonni shida zuwa takwas bayan nan, ruwa ya fi kowane lokaci amfani, domin a nan ne ake yanke girman ɗan. A riƙa tsince 'ya'yan da suka zube ana binne su da zurfi, don kada ƙwaron ƙwallo da ƙudan 'ya'yan itace su hayayyafa a ciki.

Kafin a binne su, yana da kyau a tsaga goma ko ashirin a duba. Ƙwallo fanko ko baƙi yana nuni ga matsalar barbara ko yanayi. Ƙwallo lafiyayye a cikin ɗan da ya yanƙwane yana nuni ga ƙishirwa. Tsutsa ko garin cinta a cikin ƙoƙo yana nuni ga ƙwaro. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya kai wa malamin gona 'ya'yan a tsage ya fi wanda ya je da labarin iska samun amsa mai amfani.